Ƙwaryar Maliki Mai Tukwane

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Shekara talatin da huɗu muka yi tare a duniyar nan, ban taɓa jin "Sadiƙa" ta fito daga bakinsa ba. Ni ce 'yar fari, kuma shi mutumin da ne, irin waɗanda suke jin kunyar ɗan fari kamar su nutse. In yana son ruwa sai ya ce, "Ke, wagga." In ina nesa sai ya ce da Inna, "Kira min ita." Ƙannena kuwa har wuyansa suke hawa suna ja masa gemu. Ba za ni ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Sunansa Maliki, amma daga garinmu Kamarawa har Isa ba wanda zai gane shi sai an ce Maliki Mai Tukwane. Ba ya gina tukunya, ɗauka yake yi. Matan garinmu su gina, su gasa, shi kuma ya loda a amalankensa, jakinsa Duna ya ja zuwa kasuwar Isa, wani lokaci har Sabon Birni. Na sha zama a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ina kallon yadda yake lodi. Sai ya shimfiɗa ƙaiƙayi mai kauri, ya zaunar da randuna a tsakiya, ya cusa ciyawa tsakanin kowace da 'yar'uwarta, sannan tuluna da kasake su bi gefe. In ya gama sai ya ɗauko wata 'yar ƙwarya da ta yi baƙi don tsufa, ya cika ta da ruwa, ya ɗora a kan katakon gaba.

Ƙwaryar nan ita ce shugabar tafiya. In ruwan ya fara rawa, Baba zai ja wa Duna linzami. In ya zuba, to sai an tsaya an duba taya, an sake hanya. Masu amalanke su wuce shi suna tsiya: "Maliki, kasuwa za ka ko rakiyar amarya?" Ko kallo ba su ishe shi ba. Kullum shi ne na ƙarshen isa, kuma kullum kayansa ne ke isa lafiya. Mu yara mun ɗauka don tukwane yake wannan wahala, haka kowa ma ya ɗauka.

Daga baya roba ta shigo ta kori randa daga gidaje da yawa, hanya kuma ta lalace da rashin tsaro, mutum bai isa ya bi daji da jaki yadda ya ga dama ba. Baba ya sayar da jakinsa na ƙarshe, ya jingine amalanken a bayan rumbu, ya koma zaman zaure yana tufkar igiya. Ƙwaryar ya rataye ta a ƙusa, bisa kansa.

Ni kuma aure ya kai ni cikin garin Isa, gidan Abdurra'uf tela, ina koyarwa a makarantar firamare can ɗaya gefen gari. 'Yarmu Larai ba ta cika shekara biyu ba Allah ya kawo tagwaye, Hassana da Usaina, kuma sai da aka yi mini tiyata. Bayana ya riƙe. Likita ya ce kada in kuskura in yi goyo sai bayan shekara. Mace da jarirai biyu da mai tatata, an ce kada ta goya, ga hutun haihuwa ya kusa ƙarewa, ga yashi tsakanina da makaranta wanda babur ma sai ya yi da gaske.

Surukata, Hajiya Mas'uda, ita ta kawo mafita, kuma wallahi ba da mugunta ba. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ɗiyata, ba ki iyawa. Naja'atu tana shayarwa can Turba. A ba ta Usaina ta haɗa da nata, in an yaye a gani." Naja'atu ƙanwar maigidana ce, mace mai kirki. Riƙo kuwa ba sabon abu ba ne a wurinmu, gida nawa aka yi. Amma na san yadda "a gani" take ƙarewa: yarinya ta tashi tana kiran wata Inna, ni kuma ta gaishe ni kamar baƙuwa. Na sunkuyar da kai na ce to, don ba a musu da uwar miji. Aka sa ranar Juma'ar sama Naja'atu za ta zo.

Maigidana ya ga na daina cin abinci. Sai ya nuno mini hoto a waya: wani keken turin yara mai kama da ƙaramin amalanke, ƙafa huɗu, da rumfa, yara uku zaune a ciki suna dariya. Ya ce ya ji akwai mai kawo irinsu na gwanjo a Sabon Birni. Da ya nuna wa Hajiya sai ta yi tsaki ta ce, "Wanga na masu kwalta na. Yashin Isa ya ci mota, balle abin wasa."

Ranar na kira Inna a waya na zayyana mata komai, har zancen keken, na yi kuka har muryata ta dushe. Ban ce ta gaya wa Baba ba. Me za a gaya wa mutumin da ko sunana ba ya faɗi?

Washegari da hantsi sai ga sallama. Baba ne, da ƙwaryarsa a hammata. Bai shigo ba. Ya zaro igiya daga aljihu ya auna faɗin ƙofar zaurenmu, ya ƙulla, sannan ya ce da maigidana, "Malam, ka ce mata ta shirya. Za mu Sabon Birni."

Mai shagon, Alhaji Amiru, kekuna uku ya fito mana da su. Na farko ruwan hoda ne, da lema mai geza, in ka danna wani wuri har kiɗa yake yi. Ina ganinsa na ji ya shiga raina, har na fara hango kaina a ƙofar makaranta malamai suna kallo. Baba ya karɓi buta ya cika ƙwarya, ya ɗora a ciki, ya tura keken ya fita da shi cikin lungu. Alhaji Amiru ya bi shi da gudu yana cewa, "Baba, ina za ka da kayana?" Taku goma ba a yi ba 'yan ƙafafun suka nutse a rairayi, ƙwarya ta kife. Kiɗan dai bai fasa ba.

Na biyu mai naɗewa ne, ba nauyi, hannu ɗaya ma ya ɗauke shi. Wannan ya ɗan yi tafiya. Amma Baba ya tsaya ya dafa gefensa da yatsa biyu, kamar yadda yaro zai leƙo, sai keken ya ɗaga ƙafa. Ya ce, "Mai tatata ba ta zama wuri guda." Ya mayar.

Na uku Alhaji Amiru ma da kunya ya jawo shi. Toka-toka ne, rana ta cinye launinsa, rumfar ta yage, ƙafafunsa manya masu faɗi. Ni dai akurkin kaji na gani. Baba ya fara gwada igiyarsa a faɗinsa, ya ga zai shiga zaure. Ya cika ƙwarya ya tura har ƙarshen lungu ya dawo. Ruwan ya yi rawa, ya ɗan zuba kaɗan. Ya tsuguna ya daɗe yana leƙen ƙarƙashinsa, ya tashi ya ce, "Wanga."

Haushi ya sa na manta da kunya na ce, "Haba Baba, wanga mummunan?"

Bai dube ni ba. Ya ce da maigidana, "Gaya mata ba ita za ta shiga ba."

Ya tafi da keken Kamarawa ya yi kwana uku da shi. Ya kai wa mai faci aka sa masa tayoyin iska, ya sa aka rage iskar don su kwanta a kan yashi. Inna ta ɗinka katifar ƙaiƙayi mai kauri, irin shimfiɗar da yake yi wa randuna. Ya yi rumfa da asabari, ya raba cikin gida biyu, ya kafa ɗan katako a gaba. Ban san duk wannan ba sai daga baya. Ni dai ina Isa ina ƙirga kwanaki, ina shayar da Usaina fiye da 'yar'uwarta, kamar hakan zai hana wani abu.

Ranar Juma'a da safe Naja'atu ta iso da sabon zanen goyo a jakarta. Da ta fito da shi sai na ƙara rungume Usaina. Ana cikin gaisawa Baba ya turo keken ta zaure, ya shige daidai, ko bango bai goga ba. Suka gaisa da Hajiya irin gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Hajiya, alfarma nika roƙo. Ki taka mu tai makarantar nan tare. In abin bai yi ba, ba ni ƙara magana."

Aka kwantar da tagwaye a gida ɗaya, Larai ta zauna a ɗayan tana riƙe da ƙarfe. Baba ya cika ƙwarya ya ɗora a katakon gaba. Na zaci shi zai tura, sai ya ja da baya ya ce, "Ke, wagga. Kama. Ke za ki tura shi kullum, ba ni ba."

Na kama. Muka fita, Hajiya da Naja'atu a baya, Baba a gefena yana magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi wa Duna. "Kak ki dubi ruwa, dubi hanya. Bi inda shanu sunka taka, nan ƙasa ta fi ƙarfi. Sannu. In kin zo gangare, jikinki za ki ba shi, ba hannu ba." Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Wani tsoho mai shayi ya ɗaga murya, "Maliki, an koma rakiyar amarya?" Tun da nake ban taɓa jin Baba ya yi mini magana mai tsawon ta ranar ba.

Mun wuce yashin bayan masallaci, mun wuce kwalbati, har ina hango tutar makaranta, sai wani mai babur ya fito daga lungu ba ko oda. Na fizge keken. Ruwa ya fantsama a katako, kusan rabin ƙwarya. Na tsaya cak, idona ya cika. Na ce a raina shi ke nan, da hannuna na ba da 'yata.

Hajiya ta ƙaraso ta ɗaga asabari. Tagwaye barcinsu suke yi, Larai na cewa a ƙara. Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ba komi. Ni ma ranar farko na zubar."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta dubi Baba. Ta ce, "Malam Maliki, ashe kai na. Can shekarun baya na zo sayen randa kasuwar Isa, na iske mai amalanke da jinjira kwance cikin kwando tsakanin tukwane, yana ba ta madara da ludayi. Mata na ta darar shi, wai namiji ba kunya da ɗiyar fari." Ta juyo ta dube ni. "Ashe wagga ta."

Baba ya juya baya yana gyara igiyar rumfa wadda ba abin da ya same ta.

Hajiya ta ce da Naja'atu, "Ba ta zanen ta shimfiɗa musu ciki. Ki gaida mutanen Turba." Naja'atu ta yi dariya ta rungume ni, ni kuwa kuka nake yi a tsakiyar titi ba ko kunya.

Sauran labarin Inna ta cika mini. Bayan haihuwata ta yi wata bakwai a kwance, ba ta ko iya ɗaga ni. 'Yan'uwan Baba suka ce a kai ni Unguwar Lalle wurin yayarsa. Bai yi musu da kowa ba. Ranar da za a zo ɗaukata ya sa ni a kwando ya tafi kasuwa da ni, haka kuma ya riƙa yi har Inna ta miƙe. Kafin nan, in ji ta, gudu yake yi da amalanke kamar kowa, yana fasa tukwane kamar kowa. Ƙwaryar ranar ya fara ɗora ta.

Na je har zaurensa a Kamarawa na durƙusa don in yi godiya. Ya dubi bango ya ce, "Ki riƙa duba iskar tayar hagu." Iyakar abin da na samu ke nan.

Keken ya yi mana shekara uku yana zuwa makaranta. Yanzu yana gidan maƙwabciyata da ita ma ta samu tagwaye, mummuna kamar yadda yake. Baba ya rasu bara da kaka, bayan jinyar kwana tara, ina Isa ban samu isowa ba sai da aka rufe shi. Bayan addu'ar bakwai Inna ta shiga zaure ta sauko da ƙwaryar daga ƙusa ta miƙo mini.

Ta ce, "Ya ce a ba Sadiƙa."

Na ce, "Inna, haka yac ce? Ko dai ke kika sa sunan?"

Ta ce, "Da bakinshi. Sadiƙa yac ce."

Sai da na sa ta maimaita mini har sau uku.