A'ar Ultan ta Farko

Duk wanda ya taɓa sayen nama a garinmu, can ƙuryar gundumar Leitrim, ya san ba nama kaɗai Ultan Gilhooly yake auna wa mutum ba. Kana tsaye kana jiran cinyar rago, shi kuwa yana yi maka karatun kundin tsarin mulki, wuƙa a hannu, har ka manta abin da ya kawo ka. Kundin nan, in za a faɗi gaskiya, bai karanta fiye da shafukansa na farko ba. Amma abu ɗaya ya tsinta a ciki ya riƙe gam: iko na jama'a ne, babu gwamnatin da za ta gutsiri ko ƙanƙani ta miƙa wa Tarayyar Turai sai an tambaye mu.

An kuwa sha tambayarmu. In aka ƙulla wata babbar yarjejeniya, sai a kira ƙuri'ar raba gardama, Ultan ya goge takalminsa ya je ya kaɗa A'a. Matarsa Attracta tana biye da shi da 'yar jakarta, ta shiga ta kaɗa I, su dawo gida tare su ci dankali, an tashi canjaras. Haka suka yi ta soke wa juna ƙuri'a shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa jin kansu. Firijin da yake jingina da shi in yana caccakar Turai, da tallafin Turai aka saye shi. In ka tuna masa, sai ya ce ai bai ce kada a ba shi ba, cewa ya yi kada a mulke shi.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne shekarar da ƙasa ta ce A'a, aka bar mu muka huce, aka ƙara mana 'yan alkawura, aka sake tambaya, muka ce I. Ultan ya yi ta sababi har muryarsa ta dushe. A'a a'a ce, in ji shi, kuma sake tambayar mutum bayan ya amsa raini ne tsagwaronsa. Attracta tana naɗe wa wata tsiran alade a takarda, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Da ka tsaya a kan a'ar da na fara yi maka da ka nemi aurena, da yanzu waken gwangwani kake ci kai kaɗai."

Da gaskiyarta. Mu nan, a'ar farko ba amsa ba ce, ladabi ce. Ba mai mutuncin da za a yi wa tayin shayi ya amsa tashin farko, sai ka ce da yunwa ya kwana. Ka ce a'a, kada a wahala. A sake yi maka tayi, ka ce to, in dai an riga an ɗora ruwa. Sannan ka shanye butar ka haɗa da burodin. A wannan fanni kuwa duk garin babu na biyun Ultan, bai dai taɓa lura da cewa abin ya shafi siyasarsa ba.

'Yarsu ɗaya, Dervla, ta auri wani Bajamushe mai gyaran injina, sunansa Henning, suka zauna a garin Sligo, bakin teku. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya: abin da ka faɗa shi yake ji. Ranar da ya fara zuwa gaida surukai aka yi masa huɗubar a'a a'a ce, ya saurara da kyau, ya adana. Tun daga nan, duk Lahadin da Ultan ya je gidansu, Henning zai tambaye shi ko zai sha shayi, Ultan ya ce a'a, kada ya wahala, Henning ya mayar da buta wurinta. In Dervla ba ta kusa, haka tsohon zai koma gida da busasshen maƙogwaro, yana gaya wa mutane yaron ba shi da aibu, sai dai hannunsa a dunƙule yake.

Sai Attracta ta rasu. Ba a jima ba gwiwoyin Ultan suka ƙi tsayuwa, aka rufe shago. Gidan ya yi masa girma, ya koma yana gardama da rediyo, ita kuma ba ta iya mayar da magana irin ta Attracta. Kaɗaici ya kama shi sosai, bai gaya wa kowa ba.

Dervla da mijinta suka gyara ɗakin ƙasa, wanda tagarsa ke kallon teku. Wata Lahadi Henning ya gyara zama, ya roƙi tsohon ya dawo wurinsu da zama. Zuciyar Ultan ta yi tsalle, don abin da yake fata ke nan tun ranar jana'iza. Saboda haka ya ce a'a. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma baki ya saba, sai ya ƙara da cewa shi ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba zai miƙa mabuɗin ƙofarsa ga wata tarayya ba, ko da ta 'yarsa ce. Ya gama, ya harɗe hannu yana jiran tayi na biyu.

Henning ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya ce sun ji, ba za su raina shi da maimaitawa ba. Dervla ta san komai, ta san kan tsohonta kamar tafin hannunta. Amma maganar tarayyar nan ta sosa mata rai, ita da ta yi fentin ɗakin da hannunta, kuma taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba. Sai ta ƙi fassara wa mijinta.

Alhali Ultan ya riga ya ba maƙwabciya kajinsa, ya naɗe hoton Attracta cikin rigar sanyi. Sai ya shiga zagaye-zagaye. Ya ce rufin gidansa yana yoyo, Henning ya zo da tsani ya toshe. Ya ce saura kaɗan ya faɗi a matakala, Henning ya kafa masa ƙarfen riƙewa. Ya ce gidan shiru ya yi yawa, aka kawo masa sabuwar rediyo. Duk kukan da ya yi, sai a ƙara masa 'yancin kai.

Da sanyi ya fara shigowa, wata Lahadi ya leƙa ɗakin nan mai kallon teku, ya tarar an jingina gadon da bango, an shigo da kekuna biyu. Henning ya ce tunda ɗakin ba kowa, zai mayar da shi wurin gyare-gyarensa. Ultan ya daɗe a bakin ƙofar, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya lallaɓa ya zauna a kicin, hularsa a kan gwiwa. Dervla tana wanke-wanke, ta ba su baya.

"Baba, za ka sha shayi?" in ji Henning.

"A'a, kada ka wahala."

Henning ya ɗauki buta zai mayar. Ultan ya bi ta da kallo, ya murza hular nan kamar zai yaga ta.

"Henning, ɗan nan," ya ce, muryar can ƙasa. "Sake tambayata."

Dervla ta kashe famfo, ba ta juyo ba. Henning ya tsaya da buta a hannu, ya dubi tsohon, ya dubi bayan matarsa.

"Shayin, Baba?"

"Fara da shayin tukuna."