Kakana Mai Zuba Kwal a Jirgin Ruwa

Kakana na wajen uba bai iya zama ba. Haka na taso na same shi a gidanmu na Ƙofar Dumi a Bauchi. Sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, kafin a dama fura ya miƙe, ya leƙa lungu, ya dawo, ya sake fita. Tafiyarsa ma daban ce, ƙafafu a buɗe kamar ƙasa za ta goce masa.

Asalinsa makiyayi ne. Yana saurayi ya kora shanun wani falke har Ikko, ya ga jirgin ruwa a bakin teku, sai ya ƙi biyo abokan tafiyarsa gida. Ya samu aiki a babban jirgin fasinja mai zuwa Ingila, can ƙasa inda ake zuba kwal a wuta don injin ya juya. Ya daɗe yana kai da kawowa. Fasinjojin sama bai cika ganinsu ba. Abin da ya sani shebur ne, da zufa, da ƙunar da ta bar masa tabo a damtse.

Wata rana, ina ƙaramar yarinya, na tambaye shi, "Kaka, a teku ina kuke fuskanta in za ku yi salla?"

Ya ce, "Amaryata, kina kabbara gabas tana gabanki, kafin ki sallame ta koma gefenki. Sai dai niyya."

Da mulkin kai ya matso, Turawan Bauchi suka fara ɗaure kaya. Wani kuku ya gaya wa kakana cewa maigidansa ta ruwa zai koma. Tun daga ranar ko tuwo a tsaye yake ci. Can ya sami babana a shagonsa na ɗinki ya ce, "Zan je Ikko in ga jirgina."

Babana ya tsayar da keke. "Baba, da wannan tarin naka?"

Kakata ce ta raba gardama. "Ku bar shi ya je. Tun da na aure shi, jikinsa ne kawai a gidan nan."

Ya hau lori zuwa Jos, daga can ya shiga jirgin ƙasa. Sai rashin zaman ya dawo kaina. Ko ina tsakiyar daka na ji ƙarar mota sai in yar da taɓarya in ruga zaure. Aka raba wa 'yan makaranta tutoci, aka yi bikin samun 'yanci, duk ba ya nan.

Sai bayan girbi ya dawo, a rame. Ya sha ruwa ya ce, "An sayar da jirgin, an farfasa. Na yanzu mai suke sha, ba mai riƙe shebur." Mai gadi ma ya hana shi shiga tashar jiragen ruwan, a bayan waya ya tsaya yana kallo.

Mun zaci yanzu zai zauna. Ina! Ya ji ana shimfiɗo layin dogo ya nufo Bauchi, kullum da safe sai ya ɗauki sanda ya tafi duba inda aiki ya kai. Da ƙafafunsa suka gaza, ni yake aika in tambayo direbobi a tashar mota inda layin ya iso, kuma in na daɗe sai in tarar ya rarrafo bakin zaure yana jirana.