Shekarar da Kambi Bai Tashi Ba

Shekara talatin da takwas Doña Cleofas tana haɗa hasumiyar wasan wuta a garinmu, amma da za ka tambayi mutum goma a kasuwa wane ne mai haɗawa, tara za su ce maka Don Melquiades ne, wato mijinta (a wurinmu Don da Doña laƙabin girmamawa ne na namiji da mace). Ni Otilia, mai sayar da dafaffiyar masara a lambun tsakiyar gari, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Ita ke fasa gora, ita ke auna albarushi, ita ke murza lagwani har fatar yatsunta ta zama baƙa. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, aikinsa surutu da cire hula.

Cire hular nan ita ce magana. Kowane watan Agusta, ranar bikin waliyyinmu Bartolo, 'yan badujala na hawa rumfarsu a lambu suna busa, ana rawa, da duhu ya fara sai a kunna hasumiya hawa-hawa. Abu na ƙarshe shi ne kambin da ke can ƙololuwa: ya yi ta juyi yana feshin tartsatsi, sannan ya fizge ya yi sama. Sai ya tashi ake kiran sunan mai aikin a lasifika, a busa masa diana, ɗan gajeren kiɗan jinjina, shi kuma ya cire hula. Melquiades ya sha diana talatin da takwas. Cleofas tana gindin sandar hasumiya da bakin wuta a hannu, hayaƙi na shigar mata ido.

A watan Janairu Melquiades ya rasu. Da biki ya matso, na raka ta wurin Don Rutilio, shugaban kwamitin biki, mai kantin magani. Abu ɗaya ta roƙa: bana a kira sunanta.

"Haba baiwar Allah," ya ce yana dariya, "mace da diana? Hular wa za ki cire? Ko gyale za ki kaɗa mana?"

"Ni na yi aikin, ranka ya daɗe."

"To, to, za mu duba. Ki dai yi mana mai kyau."

Na fito raina a ɓace. Na ce mata, "Wallahi Yaya, da ni ce ke, ko ashana ba zan ƙyasta musu ba." Ta wuce gida abinta. Wata biyu ta yi a rumfar bayan gidanta, ta haɗa hasumiyar da ba mu taɓa ganin irinta ba, hawa bakwai.

Ranar biki lambu ya cika maƙil. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, amma ba wanda ya kula, domin 'yan badujala sun samu kan kiɗa, har tsofaffi sun miƙe. Na sayar da masara tukunya biyu kafin rana ta faɗi. Aka kunna hawa na farko, ƙafafun wuta masu kama da na keke suka kama juyi, ja da kore. Na uku ya zubo kamar ruwan famfo. Na shida ya buɗe, sai ga siffar waliyyi da farar wuta, mata suna ta share hawaye.

Nan Rutilio ya ɗauki makirfo, ko jiran kambi bai yi ba, saboda ya ga hadari yana so a gama. "Jama'a, wannan aiki na gidan marigayi Don Melquiades ne! Ga ƙaninsa Fidencio zai karɓa!"

Fidencio! Mutumin da duk abin da ya yi shi ne ɗauko gora a motarsa. Ya haye rumfa yana washe baki, aka busa diana, ya cire hula ya ɗaga ta sama. Na ji kamar in jefe shi da murfin tukunya.

Hawa na bakwai ya ci ya mutu. Kowa ya ɗaga kai. Kambi na nan zaune cikin duhu, ko motsi bai yi ba.

A garinmu ba abin kunya kamar a busa maka diana kambi bai tashi ba. Fito ya kaure ta ko'ina. "Kai mai hula, sauko ka kunna mana!" "Ko hular ce za ka cilla sama?" Fidencio ya sauko yana laluben sanda, yana jan ƙonannun zare ɗaya bayan ɗaya. Ina zai gani? Cleofas ta raba lagwanin kambi da sauran, ta zura shi cikin gora ta toshe da kaki. Ta bar wa kanta wannan ne don ta kunna da hannunta idan an kira ta.

Tana ina? Tana zaune a bencina tana cin masara da barkono.

Rutilio ya zo yana haki, makirfo a hannu. "Baiwar Allah, rufa mana asiri, ga ruwa nan tafe."

"Wanda aka busa wa ai shi ke da kambi," ta ce. "Ya je ya kunna."

"Na ji, na ji, za a sake busawa, ke za a yi wa." Ya ɗaga makirfo. "Jama'a, gyara! Wannan aiki na Doña... na Doña..." Ya juyo gare ni, ya manta abin a kunne yake, duk lambu ya ji shi: "Ke, matar Melquiades ɗin nan, mene ne ma sunanta?"

Shekara talatin da takwas. A kantinsa take sayen man ƙuna. Na buɗe baki zan zazzaga masa, ta dafa hannuna.

"Bar shi, Otilia."

Ta ajiye totuwar a kwandon shara, ta goge hannu, ta ratsa taron ta tafi gida. Ba ta kai kwanar layinmu ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. 'Yan badujala suka rufe ƙahoninsu da riguna, jama'a suka watse, kambi ya jiƙe a sama.

Kun san wa gari ya ɗora wa laifi? Ba Rutilio ba. Ita. Wai ta hana waliyyi kambinsa, wai taurin kai, wai shi ya sa ƙanƙara ta ɓata wake a Satumba. Kwamiti ya kai aikin baɗi wani gari. A layin injin niƙa, a ƙofar coci, ba abin da kake ji sai "Cleofas ta yi kaza", "muguntar Cleofas". Na yi faɗa da mutum huɗu a mako guda, har na rasa masu sayen masara.

Rannan na shiga wurinta ina huci, na same ta tana fasa gora, ƙananan wasan wuta take yi na bikin aure. Na ce, "Yaya, kin ji abin da 'yan banzan nan ke faɗa a kanki? Gari gaba ɗaya zaginki ake yi!"

Ba ta ko ɗago ba. "Da wane suna suke zagin?"

"Da naki mana. Cleofas."

"To," ta ce, ta jawo wata gorar. "Ashe sun iya faɗa."