Ummi da Itacen Goro a Landan

Daga Nuzla

Tun kafin kiran assalatu ƙanena Bakur ya kawo tasi ƙofar gida. Ummi, mahaifiyarmu, ta fito rungume da ƙullin goronta, ta ƙi yarda a sa shi cikin akwati. Tun ina goye take sayar da goro a bakin layinmu a Nuzla, unguwarmu ta Jidda. Idonta na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yanar ido ta fara rufe shi, likitan Jidda ya ce sai Landan. Muka haɗa ƙarfi ni da ƙannena, aka ɗora mini rakiya saboda ɗan Turancin da na tsinta a aikin tashar jiragen ruwa.

A filin jirgi wani askari ya jujjuya ƙullin, ya sansana, ya ce, "Yalla, wuce, ya hajja." Muka yada zango a Bairut. Da la'asar muka sauka Landan, amma gari ya riga ya yi duhu, sanyi kuma har cikin haƙori.

Landan

Mun kama ɗaki a gidan wata 'yar Pakistan mai ba mu shinkafa da miyar wake mai yaji. Likita ya duba Ummi ya ce jibi za a yi aiki. Bai ɓoye mana ba: ko a dace, ko ɗan ganin da ya rage ya tafi.

Muna fitowa wani ma'aikacin asibitin ya ji Hausarmu ya zo gaisuwa. Malam Sani ne, Bahaushen Kumasi. Ummi ta ba shi goro. Yana tauna ya ce ai akwai itacensa a garin nan, cikin wani gidan gilashi a lambun gwamnati, kowa na iya shiga.

Ummi ta juyo wajena. "Usman, gobe za ka kai ni. Ban taɓa ganin itacen nan ba."

"Ummi, ƙanƙara ake yi, kuma likita ya ce ki huta."

"In aka rufe idon nan jibi, hutu zai ishe ni. Halas, magana ta ƙare."

Gidan gilashi

Da hantsi muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ita sanye da kwat ɗina a kan abayarta. Daga tasha zuwa ƙofar lambun da ƙafa muka taka. Ta zame ta durƙusa a kan gwiwa. Na ce mu koma. Sai ta kama hannuna ta miƙe, muka ci gaba.

Itatuwan waje duk sun zubar da ganye. Amma muna tura ƙofar gilashin sai wani zafi mai laima ya buge mu, sak na Jidda. Ga ayaba, ga gwanda, ga rake, ruwa na ɗiga daga sama. Ummi ta tuɓe kwat ta ce, "Yanzu na ji numfashi."

Muka yi ta zagaye ba mu same shi ba. Sunayen da aka rataya ba irin Turancina ba ne, sunan goro da Turanci kuwa ban sani ba. Ƙafarta ta fara ja, rana tana neman faɗuwa. Sai ta kwance ƙullinta, ta tare wani dattijon Bature mai ban ruwa, ta buɗe masa tafin hannu da goro a ciki. Ya duba, ya yafito mu, ya kai mu wani lungu.

Ga itacen nan, ɗan siriri ne, da kaɗan ya fi ni tsawo, ganyensa dogaye masu sheƙi, babu ɗa ko ɗaya. An hana taɓa tsiro a wurin, amma Baturen ya juya mana baya yana gyara butarsa. Ummi ta jawo ganye ɗaya daf da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka kake," in ji ta. Sannan ta ce da ni, "Gaishe shi, ya waladi, ɗana. Shi ya kai ka makaranta."

Na gaishe shi, ban kuma ji kunya ba.

Komawa gida

Aikin bai yi yadda muka roƙa ba. Da aka kwance bandeji, haske da inuwa kawai take bambancewa. Ni na yi kuka, ita ta ce in haɗa kaya.

Mun iso Nuzla da azahar, matan layi suka cika tsakar gida. Aminiyarta Hajja Zainaba ta riƙe ta tana tambaya, "Kina ganina kuwa?"

Ummi ta ce, "Muryarki ta ishe ni. Zauna in gaya miki abin da na gano."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Malam Sani da dattijon nan na lambu, Allah ya saka musu da alheri.