Wanda Zai Ja Dokin Sufurtanda Garrioch

Da hantsin Talata, 14 ga Yuli, 1891, Sufurtanda Hector Garrioch ya rasu a gidansa da ke Beechworth, bayan jinyar ƙirji ta kwana tara. Shekarunsa sittin da huɗu, talatin da takwas daga ciki a bakin aikin ɗan sanda.

Yallaɓai, ni ne Edwin Rosewarne, akawun ofishinka. Shekara goma sha bakwai teburina yana bakin ƙofarka. Ba ni da tabbacin ni ya dace in rubuta wannan, amma ban san wani aiki ba sai rubutu.

Mutanen gari za su tuna ranar da masu haƙar zinariya suka yi gangami za su ƙone unguwar 'yan Sin. Ka sauka daga doki, ka ba Sajan Dunphy bindigarka, ka shiga cikinsu da hula a hannu kana kiran kowa da sunansa, kana tambayar lafiyar matarsa, har kunya ta watsa su. Za su tuna shekarar ambaliya, da ka kwantar da iyalai shida a barikinmu. Ban ga ko ɗaya da idona ba. Dunphy ne ya gani, ni na rubuta rahoton.

Kullum haka ne. Dunphy ke hawan doki a gefenka. In ya kawo rahotonsa mai tabon shayi, sai ka zaunar da shi awa guda kana bin layi-layi, kuna dariya ina jiyowa ta ƙofa. Nawa kuwa, da nake kwafewa sau biyu don kada a sami kure, sai ka sa hannu ba ka ko duba ba. Na bincika littattafan da nake rubuta al'amuran kowace rana: sau uku ka ce mini "madalla". Na Dunphy na daina ƙirgawa tun a shekara ta biyu.

Ranar Laraba aka zo kan tsarin jana'iza. Dokinka zai bi akwatin ba mahayi, takalmanka a juye cikin likkafa, kuma wanda ya fi kusa da kai shi zai riƙe linzami. Na so wannan wurin fiye da duk wani girma da aka taɓa hana ni.

Dunphy ya dafa kafaɗata, idonsa jawur, ya ce, "Kai dai Malam Tawada, ka tsaya nesa da dokin nan, kada ya ɗauke ka magatakardan kotu ya harbe ka."

Uwargida Garrioch ta miƙo mini farar takarda don tsarin jana'izar, ba komai a kanta sai sa hannunta a ƙasa. Na ce ta bari in rubuta tukuna ta karanta. Ta ce, "Hector ya ce duk lardin nan takardarka ce kaɗai ba ya buƙatar karantawa. Ni ma ba zan karanta ba. Sa kowa inda ya dace, Edwin."

Na daɗe a gaban takardar, Yallaɓai. Da na sa sunana, ba wanda zai ce uffan. Na tsoma alƙalami sau uku. Sannan na rubuta abin da yake gaskiya: Sajan Cornelius Dunphy. Kaina na sa a sahu na huɗu, bayan masu ganga.

Ban ce zuciyata ta huce ba. Na gode da amanar, amma da ka tambaye ni, da na zaɓi awa gudan nan da dariyar. Jiya na bi bayan dokinka ina kallon hannun Dunphy a kan linzami har maƙabarta. Ya riƙe shi da kyau. Wannan ma na rubuta.

Ubangiji ya yi maka rahama, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutawa. Ya ba Uwargida Garrioch da 'ya'yanku, Isobel da Magnus, haƙurin rashi. Ya ba Dunphy haƙuri. Ni kuma ya yafe mini ƙirgen da na yi.

Edwin Rosewarne
Beechworth, 18 ga Yuli, 1891