Ranar da Inna ta zo cetona a Tsibiri

Da murya mai kauri aka haife ni, kuma ban taɓa jin kunyarta ba, ko da yake an yi ƙoƙarin sa ni in ji. Tun ina ƙarama a gidanmu na Sabon Gari a Maraɗi, in baƙo ya yi sallama na amsa daga ɗaki, sai ya ɗauka yayana ne. Ƴan gidan su yi ta dariya, ni kuwa in ƙara buɗe maƙogwaro don su ji da kyau.

Wadda abin ya dama ita ce Inna. Mahaifiyata ƴar amshi ce, cikin matan da ke kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna. Ba ita ke ba da waƙa ba, karɓa take yi, amma matan unguwa sun san in ba ta zo ba amshi ba ya zama. Muryarta siririya ce, mai zaƙi, kuma a gindin ƙwaryarta na koyi waƙa. Dokarta ɗaya ce: ƴan amshi baki ɗaya suke, duk wadda aka ji muryarta ta fita daban, to ta ɓata. Kuma in wata ta kauce ba a barinta ta ji kunya. Ta kusa da ita za ta juyo, ta kafa mata ido, ta ɗaga murya har ta dawo da ita kan hanya. Na sha ganin Inna tana yi wa ƙawayenta wannan ceto a tsakiyar taro.

Da na shiga koleji, wani malami mai koyar da Faransanci, mushe kamar yadda muke kiran malamai, ya tara ƴan mata ya kafa ƙungiyar waƙa, wadda muke ce wa koral. Kowacce da inda ta samo tata muryar. Akwai ƴan Islamiyya da suka saba da ƙasida, ba sa waƙa sai sun haɗa hannu a ƙirji. Akwai gwanayen gaɗa, su kuma ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya. Wata a tallar kunu ta gyara muryarta, duk baitin da ta ja sai ka ji kamar ka miƙa kofi. Sai wata ƴar ƙauyen Jiratawa da ke zaune wurin goggonta a birni saboda karatu. Ita a gona ta koyi waƙa, wajen korar tsuntsaye, shi ya sa ko raɗa ta yi sai an ji ta a bakin ƙofar makaranta. Ita ta zama ƙawata.

Mushe ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina, ban gama baiti ba ya ɗaga hannu. Na ce a raina, to, ga wani ma zai ce namiji ne. Sai ya ce, "Ke nake nema tun ɗazu." Ya raba mu gida biyu. Masu sama, su ne mafi yawa, suka riƙe karin waƙar da kowa zai ji ya ɗauka. Mu kaɗan aka sa a ƙasa, ni da ƴar Jiratawa da wasu biyu, muna faɗin kalmomi iri ɗaya da su amma a wani kari daban, can ƙarƙashi. Ranar farko da karin biyu suka haɗu, tsigar jikina ta tashi. Na gane cewa wannan muryar da ake yi wa dariya tana da wurin zamanta.

Waƙar damina ce mushe ya tsara mana. Wata ƴar maƙwabtanmu tana cikin masu sama, kullum tana rera ta a bakin famfo, Inna kuwa sau ɗaya take jin waƙa ta ɗauke. Saboda haka ranar da ta ji ni ina bitar nawa karin a tsakar gida, ta riga ta san yadda waƙar take. Ta ajiye tsintsiya.

"Ke, mi kike yi haka? Ba waƙag ga ba ce ta ɗiyar maƙwabta?"

"Ita ce, Inna. Wannan nawa ɓangaren ne."

"Waƙa na da ɓangare? Nama ce?"

Na yi mata bayanin sama da ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai. "Mushen nan ya ga muryarki ba ta hawa, shi ya sa ya ɓoye ki baya yana lallashinki. Ni ba a yi mini haka da ɗiya."

Sai ga labari cewa za mu yi waƙa a taron rufe shekarar karatu a Tsibiri. Tsibiri kuwa garin Inna ne, can ƴan uwanta suke. Ta kira ni ta ce, "Zan tahi in ji da kunnena. In kika kunyata ni gaban dangina, ke da koral kun rabu." Inna ba ta maimaita magana, kuma ba ta janye ta. Na ce na yarda. Ina son koral ɗin nan kamar raina, amma ban ji tsoro ba, don na san abin da nake yi.

Da la'asar aka yi taron, a filin wata makaranta, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Muka jeru da farin kallabi. Ina ɗaga kai na hango Inna a tabarmar gaba, tsakanin yayarta da ƙannenta mata, ta sha ɗaurin biki. Mushe ya ɗaga hannu muka fara. Baitin farko tare muke yin sa, baki ɗaya, na ga Inna tana gyaɗa kai. A wurin amshi muke rabuwa. Masu sama suka haura, mu huɗu muka sauka.

Fuskar Inna ta canza. Ta dubi yayarta, yayar ta sunkuyar da kai. Sai na ga ta gyara zama, ta juyo sosai ta fuskance ni, ta kafa mini ido. Na san wannan kallon. Ta fara buga gwiwarta da tafin hannu, ta buɗe baki ta kama karin masu sama, da dukan ƙarfin muryarta, tana miƙo mini shi. A ganinta ɗiyarta ta ɓace a gaban jama'a, ta zo ta dawo da ita. Ƙannenta suka ga haka suka taya ta.

Ba ƙaramin abu ba ne ƴan amshin Tsibiri su ja ka ka ƙi zuwa. Biyun da ke hagu da ni suka zame suka koma sama, ba su ma sani ba. Ƴar Jiratawa ta yi ta fama, ta matse mini hannu, can na ji ita ma muryarta ta bi su. Saura ni kaɗai. Na san in na bi Inna za ta koma gida da murna ta ce ta cece ni, kuma daga ranar na tabbatar mata cewa karin nawa kuskure ne. In na ƙi kuma, na ƙi uwata a gaban danginta. Raina ya ɓaci, tausayinta kuma ya kama ni, duk a lokaci guda.

Ban rufe ido ba. Na dube ta kamar yadda take dubana, na sauke muryata inda mushe ya ajiye ta, na riƙe. Tana ƙara ƙarfi ina ƙara zama. A nan ne na fara jin muryata da ta mahaifiyata a haɗe, tata a sama tawa a ƙasa, kuma wallahi ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Har aka gama waƙar ban gusa ba.

Aka yi tafi. Yayar Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba komi ɗiyata, kin yi ƙoƙari, gaba za ki iya." A motar komawa Maraɗi, Inna ta taga take kallo. Ban tambaye ta hukuncina ba, ita ma ba ta faɗa ba, muka yi kwanaki a haka.

Wata safiya tana tankaɗen gari a bakin madafa, ni ina wanke kwanuka, sai na ji tana rera waƙar daminar a hankali. Da ta kai amshi, bakina ya riga hankalina, na shiga ta ƙasa. Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Wa ya ce ki shigo?"

Na ci gaba da cuɗa kwano.

"Sake," in ji ta.

Muka sake. Ba mu yi nisa ba na ji muryarta tana saukowa a hankali, har ta zo ta kwanta a kan tawa, muka zama baki ɗaya. Na ce, "Inna, kin biyo ni."

Ta tsaya, ta yi tunani, sai ta fashe da dariya har gari ya zube a zanenta. "Ai aikina ke nan tun ina budurwa, bin ta kusa da ni. Ke ya aka yi kika ƙi biyo mu a Tsibiri, mu duka?"

"A gindin ƙwaryarki na koyi riƙe kari."

Ta kakkaɓe zanenta ta ce mu sake, ta riƙe nata in riƙe nawa. Wannan karon ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta haura, na sauka, muka kai ƙarshen amshin kowacce a hanyarta. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya. Yau ina amshi a ɗakunan ɗaukar waƙa na Maraɗi, ina kuma koya wa ƙananan ƴan mata karin ƙasa, amma ban sake yin waƙar da ta kai ta wannan safiyar ba.

Inna ta ɗauki rariyarta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba yau ne kuke da koyon koral ba? Aje kwanukan nan ki tahi, kar su hwara ba ke."