Waƙar Mahaƙin Tagulla

A garin Moonta, duk gidan da tsohuwa ta rasu an san Merv Tregoning na nan tafe. Yakan yi ta'aziyya a gurguje, ya wuce wajen kujerar fiyano, ya ɗaga murfinta, ya kwashe tsofaffin takardun kiɗan da ke ciki kafin magada su kai juji. Haka ya yi ta tarawa har suka cinye masa ɗakuna biyu, kowace takarda cikin ledarta.

Abin dariyar, Merv bai iya karanta ko ɗigo ɗaya na rubutun kiɗa ba. Gyaran famfo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa aure ba. Ƙanwarsa ce mai kaɗa fiyanon gidan, kuma tun da ta rasu ba wanda ya sake buɗe shi. Sai ya zauna da shayinsa yana kallon ɗige-ɗigen, yana ƙiyasta yadda za su kasance a kunne. Kaɗaici na cin sa, amma ko kusa ba zai faɗa ba.

Akwai wadda ya fi ji da ita, waƙar rawa da wani mahaƙin tagulla na garin ya tsara tun zamanin kakanni. Burinsa ya ji ta ko sau ɗaya. Da ƙyar ya iya roƙon Noreen Pascoe, maƙwabciyarsa mai kaɗa wa coci kiɗa. Ta zo, ta zare takardar daga leda, ta lashi yatsa, ta lanƙwasa kusurwar shafin yadda makaɗa ke yi don saurin juyawa.

Merv ya fizge takardar. "Noreen, kina da hankali kuwa?"

"To kai, tsohon banza, don a kaɗa aka buga ta ko don a yi mata gadi?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Shi kuwa uban taurin kai ya shafe damina guda yana jiran ta fara ba shi haƙuri.

Ranar da ya sauke girman kai ya ƙwanƙwasa ƙofarta, 'yarta ce ta buɗe. Ashe Noreen ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki. Ya same ta a kujera bakin taga, ya ɗora mata takardar a cinya, ba leda.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta fara rera waƙar a maƙogwaro. Da ta kai ƙarshe sai ta yi dariya da rabin baki.

"Merv, waƙar nan fa ba ta da daɗi ko kaɗan. Gara da mutumin ya tsaya a haƙarsa."

Merv ya jawo kujera kusa da ita, ya cire hularsa.

"Na ji," ya ce. "Sake yi mini."